Jar Riga a Ƙauyen Rogo

Da asuba na bar Kano ta hanyar Gwarzo. Motar haya ta sauke mu a Ƙaraye, garin da madatsar ruwan Challawa take, muka sake wata zuwa Rogo. Damina ta faɗi, kowa ya duƙufa a gona, masara ta fara leƙo kai. Daga cikin gari ɗan acaɓa ya ɗauke ni, muka ratsa fadamun rake har wani ƙauyen Hausawa Kiristoci, jikokin Maguzawa, dab da iyakar Katsina.

Ranar 3 ga Yuni ce. Majami'ar ɗaki ɗaya ce ta bulo da rufin kwano, bencinanta ba su kai ashirin ba. Wani dattijo, katikis ɗin wurin, ya tare ni a bakin ƙofa.

"Sannu da hanya, ɗana. A sha ruwa tukuna."

"Na gode, Baba."

Ina ajiye moɗa Fada ya fito cikin jar riga. Na tambayi dalilin wannan launi, Baba ya ce launin jini ne, ana sa shi ranar tunawa da shahidai. Sai ya nuna mini wata tsohuwar kalanda a bango, hayaƙin fitila ya dusashe ta, ɗauke da hoton wasu samari baƙar fata.

Shahidan Yuganda ke nan. Yawancinsu fadawa ne da yaran Sarki Mwanga na Biyu na Buganda. Sun ƙi barin addininsu, sun kuma ƙi biya wa sarki buƙatarsa ta lalata. A ranar 3 ga Yuni, 1886 aka naɗe Charles Lwanga da 'yan uwansa cikin kara, aka cinna musu wuta a Namugongo. Ƙaraminsu, Kizito, bai wuce shekara 14 ba. A 1964 Fafaroma Paul na Shida ya sa 'yan Katolika 22 daga cikinsu a sahun waliyyai. Akwai kuma 'yan Angilika 23 da aka kashe a wannan fitina, shi ya sa 'yan uwansu na Bari, nan cikin ƙasar Rogo, ba baƙin labarin ba ne.

Da Hausa aka yi sujada, da ganga da guɗa. Amma da Fada ya ambaci Michael Nnadi sai wuri ya yi tsit. Yaro ne ɗan shekara 18 daga Dayosis ɗin Sakkwato, yana karatun zama fada a makarantar Good Shepherd da ke kusa da Kaduna. A daren 8 ga Janairu, 2020 'yan bindiga suka sace shi tare da ɗalibai uku. Ukun sun dawo, shi kuwa gawarsa aka tsinta. Daga baya wanda ya amsa laifin ya shaida wa manema labarai cewa yaron ya ƙi daina yi masa wa'azi ya bar mugun aiki. Bishop Matthew Hassan Kukah ne ya yi huɗuba a jana'izarsa. Coci bai sa shi cikin waliyyai ba tukuna, amma na ga wata tsohuwa tana share hawaye da bakin mayafi, kamar jikanta aka ambata.

Bayan an tashi muka zauna gindin ɗorawa, Baba yana fere mini rake. Na ce ko irin waɗannan labarai ba sa cusa wa yara gaba da maƙwabta? Ya girgiza kai.

"Ɗana, a cikin waɗanda ka ji an lissafa, wa ya ɗauki makami? Shahidi ai mai ba da shaida ne. Ya faɗi gaskiyarsa, ya tsaya a kanta, bai zubar da jinin kowa ba."

Muna cikin haka wani maƙwabcinsa ya iso da carbi a hannu, ya zo aron garmar shanu. Suka gaisa, aka tambayi iyali da ruwan jiya. Da la'asar ta yi, jikan Baba ne ya ɗebo mana ruwa a buta, ya shimfiɗa mana tabarma ta fuskanci gabas. Da na tambayi sunansa, ya sunkuyar da kai ya ce Kizito.