Ƙaramin Sani Ƙuƙumi: Ni da Ruwan Azurfa

Masu haɗa ruwan azurfa a gida mutane ne masu tsananin kula da kayan aiki, kuma na yi zamani a cikinsu. Harkar ta fi ƙarfi a Amurka, inda ake sayar da 'yar na'urar haɗa shi ta intanet, amma a 2020, da kullen korona ya zaunar da mu a gida, ta iske ni har ɗakina ta bidiyoyin YouTube. Ni malamin kimiyya ne a sakandare, saboda haka ban sha wuyar gane abin ba. Sanduna biyu na tsantsar azurfa ake tsomawa cikin tataccen ruwa, a haɗa su da batir, lantarki ya riƙa ɓantaro azurfar tana shiga ruwan. Masu abin sun ce daga mura har gyambo babu abin da ba ya kashewa.

Inda na ba da ƙarfi shi ne kayan. Na ƙi azurfar maƙeran farfaru, domin ta kayan ado mai lamba 925 akwai tagulla a cikinta. Na nemo mai lamba 999. Ruwan famfo da na leda ban yarda da su ba, don gishirin da ke ciki kan kama azurfar, ruwan ya gurɓace ya yi fari-fari. Bayan kowane haɗi sandunan sukan yi baƙi, sai in zauna da soso in dirje su har su yi ƙyalli, in ɗauraye, in shanya a kan farin ƙyalle. Ruwan kuma sai a kwalba mai duhu, cikin kabad, saboda haske yana ɓata shi. Ina da 'yar mita ta auna abin da ya narke a ruwa, ina da littafin da nake rubuta sakamako. Duk wanda ya leƙo ya ga teburin nan, sai ya fita yana cewa ai Malam ya san abin da yake yi. Ni ma haka na ɗauka.

Wannan ɗawainiya duk a kan yadda za a haɗa shi da kyau take. Ko yana maganin wani abu a jikin ɗan Adam, ban taɓa tsayawa na bincika ba. Abin da ya rufe mini ido shi ne akwai ƙanshin gaskiya a maganar. Azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta a wajen jiki. Tun shekarun 1880 wani likitan Jamus, Carl Credé, ya fara ɗiga wa jarirai wani sinadarinta a ido don kare su daga makanta, kuma har yau asibitoci suna shafa man ƙuna mai azurfa. Sai dai waɗannan an auna su, an gwada su, kuma a waje ake amfani da su. Ga abin kunyar malamin kimiyya: na guji gishiri a kofi, alhali ruwan cikin tumbin mutum da jininsa cike suke da sinadarin nan na gishiri da nake gudu. Abin da na hana faruwa a kofi shi ke faruwa da zarar an haɗiye.

Goggona tana da ciwon suga. Wani ɗan rauni ya fito mata a yatsan ƙafa, asibiti suka wanke, suka ba ta ƙwayoyi, suka sa mata ranar komawa. Na kai mata kwalba, na ce ta riƙa wanke wurin da shi, ta kuma riƙa sha safe da yamma. Ban ce ta bar asibiti ba, amma na yi mata magana da bakin wanda ya sani, ita kuwa ba ta son layi da kuɗin mota. Ranar komawa ta zo ta wuce. Sai da wari ya tashi, zazzaɓi ya kama ta, 'yarta ta ɗauke ta ala tilas. Yatsan nan bai tsira ba.

Ina tsaye likita ta tambaye ta, "Mama, me kike sa wa ƙafar nan?"

"Ruwan azurfa ne, 'yar nan. Ɗana ne yake haɗa mini, malamin kimiyya ne."

Likitar ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni ta ce, "Malam, a kan marasa lafiya nawa aka gwada shi kafin ka ba Mama?" Na buɗe baki in yi bayanin lamba 999 da kwalba mai duhu, sai na ji babu ɗaya a ciki da ya amsa tambayarta.

Karatun da ya kamata in fara da shi, a bencin asibiti na yi shi, kuma ba a ɓoye yake ba. Tun 1999 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yanke cewa ba a tabbatar da amfani ko amincin ruwan azurfa a matsayin magani ba. Hukumomin lafiya a can suna gargaɗin cewa yana iya hana jiki tsotse wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta da maganin maƙoƙo. Jiki ba ya bukatar azurfa. Wadda ta yi yawa sai ta taru a fata, da dasashi, da gindin farce, hasken rana kuma ya mayar da ita toka-toka mai shuɗi. Likitoci na kiran wannan larura ajiriya, kuma ko an daina sha launin ba ya gushewa da kansa.

Akwai waɗanda duniya ta gani. Stan Jones, ɗan siyasa a jihar Montana, ya fara haɗa nasa a gida a 1999 don tsoron kwamfutoci za su rikice a shigowar 2000 a rasa magunguna. Da ya tsaya takarar sanata a 2002, launin fatarsa aka fi yi da shi a jaridu. Paul Karason ya bayyana a talabijin a 2008 fuskarsa shuɗiya, bayan shekaru yana sha yana shafa wanda ya haɗa da hannunsa, kuma da launin ya mutu a 2013. Mu ma an taɓa kawo mana shi. A Agustan 2014, lokacin Ebola, ministan lafiya na Nijeriya, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya ambaci wani Nano Silver da za a gwada a Legas. Kwanaki kaɗan aka janye, aka ce bai cika ƙa'idojin bincike ba. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah, amma ni ban ko duba ba.

Alamar ma tana kan teburina. Farin ƙyallen da nake shanya sanduna ya yi tabo launin toka a inda rana ke bugawa ta taga, na wanke ya ƙi fita. Da na gani, sai na ce ƙyallen ne ya tsufa, na sauya wani.

Na durƙusa gaban Goggo na nemi gafara. Ta ce, "Haba ɗana, ai da niyyar alheri ka yi, haka Allah Ya rubuta." Ta yafe, amma yafiyarta ba ta mayar da kuskurena daidai ba. Ƙaddara gaskiya ce, sakaci kuma nawa ne. Mutane suna karɓar magana daga malami saboda sunansa malami, don haka shirmensa ya fi na jahili nisan tafiya.

Aiki mafi wuya shi ne bin gida-gida ina karɓe kwalaben da na raba, ina faɗa da bakina cewa na yi kuskure. Yawanci sun miƙo. Wani maƙwabcina ya ƙi, ya ce shi ya ga amfaninsa, murarsa ta warke cikin mako guda. Na ce masa, "Alhaji, mura ai ko ba ka sha komai ba a mako take tafiya." Ya yi dariya ya ce likitoci sun razana ni. Yanzu ya sayi tasa na'urar, yana goge sandunansa yadda na koya masa, ni kuma duk lokacin da muka haɗu a masallaci sai na sake yi masa magana.