Kasuwar Wasan Kwamfuta da 'Ya'yanmu

Jama'a, a da mai son wasan kwamfuta sai ya je shago ya sayi faifai. Tun da kamfanin Valve na Amurka ya buɗe kasuwar Steam a 2003, ciniki ya yi ta komawa intanet. A 2023 kaɗai, sababbin wasanni fiye da 14,000 suka shiga wannan kasuwa.

To, ina makomar ƙaramin maƙerin wasa? Sai ya biya dala 100 kafin ya baza hajarsa, kamfani ya cire kashi 30 cikin ɗari na ciniki, shi kuwa ya zauna cikin cunkoso yana jiran mai saye. Mu mutanen Jazira mun san irin wannan rabo, domin a zamanin Turawa kashi 40 manomin auduga yake samu.

Duk da haka, a 2016 samarin Kiro'o Games na Kamaru sun kai wasansu Aurion wannan kasuwa, ga kuma ɗaukewar lantarki tana damunsu.

Mu ma muna da haja: dara, tatsuniyoyin Gizo, da labarin hijirar kakanninmu bayan yaƙin Burmi na 1903. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya cinye wa ɗalibanmu na Rufa'a karatu mai yawa, amma lissafi da zane, waɗanda su ne tushen wannan sana'a, allo da alli sun isa a fara su. Iyaye, ku turo mana yaran. Allah ya ba mu zaman lafiya.