Harafin Farko

Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya haddace abin da ke kai, kuma sai malam ya saurara ya gamsu. Na'ura mai ƙwaƙwalwa ba ta san wannan ladabi ba. A baƙin allonta, inda babu hoto sai rubutu, mutum zai buga harufa uku, DEL, ya bi su da sunan fayil, ya danna maɓalli, shi ke nan. Ba ta tambayar ko an haddace.

A hutun 1997, ina ɗalibin sakandare, na sauka wurin kawuna a Agege, inda Hausawa fataken goro suka yi ta kwararowa bayan layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912. Kusa da layin akwai wani shagon buga takardu, nan nake yini. Wani dattijo, tsohon falke, yana da waƙoƙi bakwai da ya tsara da ajami game da fatauci da zaman baƙunci a Kurmi. Jikansa ya mayar da su boko, aka buga, aka adana a faifai. Da damina ta zo ɗaki ya yi yoyo, takardun asali suka jiƙe, tawada ta narke. Rannan kuma yaron shago, garin neman wuri a faifan, ya share duka bakwai ɗin.

Dattijon bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Yaro, ina suka tafi?"

Mai shagon ya rusuna ya ce, "Baba, suna nan. Sunansu aka cire."

Alal haƙiƙa gaskiya ya faɗa. Tsarin DOS ba ya taɓa rubutun kansa. Harafin farko na sunan fayil yake maye gurbinsa da wata alama, sannan ya shelanta cewa filin ba shi da mai shi. Wanda ya san Legas kuwa ya san irin wannan fili ba ya daɗewa ba a yi gini a kansa ba. Mai shagon ya buga UNDELETE, umarnin da ya zo da MS-DOS 5.0 a 1991, sai ga sunaye sun jeru, kowanne da alamar tambaya a goshi: ?AKA1, ?AKA2. Na'urar ta tsaya tana jiran a ba ta harafin farko. Waƙa ce, ko kaka, ko baka? Duk ɗaya ne a wurinta, balle ma ba ta san ƙ mai lanƙwasa ba. Biyar suka dawo. Biyu an riga an kwantar da takardar yarjejeniyar haya a kansu. Dattijon ya rera ɗaya da ka aka sake bugawa, ɗayar kuwa amshinta kaɗai ya rage masa.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan tsautsayin ƙananan shaguna ne. A 1998, a kamfanin Pixar da ke Amurka, umarnin rm, takwaran DEL a tsarin Unix, ya share kusan kashi 90 cikin 100 na fim ɗin Toy Story 2. Abin da ya cece su shi ne kwafin da Galyn Susman, ma'aikaciya mai jego, ta ajiye a gida. Shi rm ya fi DEL rashin imani, domin idan aka ƙara masa -rf yakan bi jaka da duk jakunkunan da ke cikinta, bai ce uffan ba.

Yau ɗalibaina na ajiye muryoyin mawaƙa da masu tatsuniya a na'urori masu ma'adanar SSD, wadda galibi takan goge filin da kanta jim kaɗan bayan an share, ba ta jiran mai haya. Shi ya sa ba na sa hannu a kundin ɗalibi sai ya nuna mini kwafi biyu na abin da ya naɗo, ɗaya kuma ba a cikin jakar da yake yawo da ita ba.