Jikana, Kowane Kifi da Ranar Awonsa

 Na lura da yadda idonka ya kafe a kan waya ranar da ɗan'uwanka na Shikago ya aiko da bidiyon gasar kamun kifi da ake yi a tafkin Mishigan. Wani ya ɗaga kifi mai launin azurfa, aka miƙa masa kyautar daloli, kai kuwa ka ce, "Kaka, wannan ai kuɗin banza ne, mutum yana zaune a jirgi yana shan iska." Ban tanka maka ba a lokacin, domin abokanka suna wurin, kuma ba a yi wa saurayi gyara a gaban sa'o'insa. Yanzu da ya rage daga ni sai kai, kasa kunne. Ni jinin Sarkawan Kabi ne. Kifi ya ciyar da ubana, ya ciyar da ni, da kuɗinsa aka ɗaura wa mahaifinka aure a nan Nima ta Ankara. In kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, wa zai musa?

Kifin da ka gani sunansa salmon. Ruwan sanyi yake so, shi ya sa idan zafi ya shigo yakan nutse can ƙasa inda rana ba ta kaiwa. Masu nemansa ba sa jefa fatsa su zauna jira. Tun kafin asuba suke tayar da inji, su bar jirgin yana tafiya a hankali, kilomita 3 zuwa 5 a awa, tafiyar dattijo mai zuwa masallaci. A bayansu suna jan zaruruwa da dama, kowanne da ɗan ƙarfe mai walƙiya mai siffar cokali, da ƙugiya a gindinsa. Sukan maƙala zaren a jikin dunƙulen dalma mai nauyi, su saukar da shi zuwa zurfin da suke tsammanin kifin yana nan. In gudun jirgi ya yi yawa, cokalin ya haukace da juyi, kifi ya gane ba abinci ba ne. In ya yi kaɗan, cokalin ya lafe, babu mai kallonsa. Don haka mutumin da ka ce yana shan iska, idonsa ɗaya na kan gudun jirgi, ɗaya na kan sandunan fatsa, yana sauya zurfi, yana sauya launi, yana ƙona man da ya saya da kuɗinsa. Sau da yawa ya dawo hannu rabbana, kuma babu mai ɗaukar bidiyon wannan dawowa.

To, haƙuri iri biyu ne, ɗana, kuma mutanenmu sun cika rikita su. Akwai wanda nake gani a majalisunku na Nima da Mamobi, inda samari majiya ƙarfi suke wuni a kan benci suna dafa ataya, an tambaye su sai su ce suna jiran biza, suna jiran lokaci. Wannan zaman kashe wando ne aka sa wa suna mai daraja. Haƙurin da magabata suka ce mai shi yakan dafa dutse, ai sai da ya haɗa murhu ya yi ta iza wuta. Mai jan fatsa yana tafiya ne duk tsawon jiransa. In kana jiran wata ƙofa ta buɗe, ka jira ta da sana'a a hannu, ko ɗinki, ko walda, ko karatu, ko gyaran waya. Sannu ba ta hana zuwa, amma sai ga wanda ya tashi.

Kuma ka san kifin nan baƙo ne a wannan tafki? Asalinsa daga tekun Fasifik yake. A 1966 hukumomin jihar Mishigan suka fara zuba 'ya'yansa a ruwan, suka ƙara da wani jinsi mafi girma a 1967, don su cinye wasu ƙananan kifaye da suka yi yawa har mushensu yana cika gaɓar Shikago da wari. Wanda ya ɗaga kifi yau yana murmushi, shukar wasu yake girba, waɗanda da yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Kai ma haka kake a zango. Ɗakin da kake kwana, wani ya yi dako a tashar Tudu ya gina shi.

Ni gasar da na gani da idona ta fi wannan. Lokacin da dokar baƙi ta Gana ta Nuwamban 1969 ta sa mutanenmu da yawa suka ɗaure kaya suka koma gida, na raka dangin mahaifina har Argungu. A can na riski bikin su na 1970, shekarar da Janar Yakubu Gowon da Shugaba Diori Hamani na Nijar suka halarta. Bikin ya samo asali ne tun 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka binne gabar da ta daɗe tsakanin Sakkwato da Kabi. Ka ga ke nan da kifi aka yi walimar sulhu. Ranar babbar gasa, dubban masunta suka yi sahu nesa da bakin ruwan Matan Fada, kowa da homarsa a hannu da gorarsa a kafaɗa. Makaɗa suna cikin kwalekwale, Sarkin Ruwa ya riga ya gama nasa aiki. Da aka harba bindiga, ƙasa ta yi girgiza da gudu, ƙura ta tashi, kafin ka ce kwabo ruwan ya cika da kawuna har ba ka ganinsa. Mutum ya kwanta da cikinsa a kan gora yana yawo, ya nutse da homa, ya taso, ya sake nutsewa. Awa ɗaya tak aka ba su. Da na ga giwan ruwa ta farko da aka jawo, maza suna kokawa da ita kafin su kai ta sikeli, sai na gane dalilin da ya sa aka ba ta wannan suna. Salmon mafi girma da aka taɓa kamawa a jihar Mishigan, a 2021, bai cika kilo 22 ba. Wadda ta ci gasar Argungu a 2020 kilo 78 ce.

Na tambayi kawuna, Allah ya jiƙansa, me ya sa kifin wurin yake ƙasaita haka. Ya ce saboda an hana kowa taɓa wannan yanki na ruwa sai ranar biki. Duk shekara masunci yana wucewa ta gefensa, wani lokaci gidansa babu cefane, yana jin motsin manyan kifaye, ya kau da kai. Wannan kau da kai shi ne asalin gasar. Mutanen Ga na Jemstawun da muke zaune da su ma sun san haka, shi ya sa ba sa shiga teku ranar Talata. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Wanda bai iya ganin abu a gabansa ya bar shi ba, ko kuɗin ajiyar wani ne, ko 'yar maƙwabci ce, ko jarin uwarsa ne, ba zai taɓa tara abin da ya isa a auna ba.

Ka kuma lura da lissafi. Dubbai suka shiga ruwa, mutum ɗaya ya ɗauki babbar kyauta. Sauran fa? Washegari suka koma ga birginsu da mamarinsu, suna kama tarwaɗa da karfasa, da su suke ciyar da iyali har shekara ta zagayo. Ban taɓa ganin masuncin kirki da ya jingina tuwon gidansa da gasa ba. Amma ku yanzu kun mayar da rayuwa gasa. Kuna zuba kuɗin abinci a cacar ƙwallo ta waya, kuna jiran rana ɗaya da za ta share talaucin shekara ashirin. Kuna ambaton Mohammed Kudus, ɗan Nima, wai ya zama attajiri dare ɗaya. Yaron nan tun yana ƙarami ya bar gida ya shiga makarantar ƙwallo ta Right to Dream, ya tafi Denmak a 2018, ya koma Ajax a 2020, sannan West Ham a 2023. Ba a fafe gora ranar tafiya. Waɗanda suka fara tare da shi a filin ƙura, ka je ka ƙirga nawa ne suka kai inda ya kai, sannan ka tambayi wanda ya riƙe karatu ko sana'a a cikinsu yadda yake yau.

Yanzu ga abin da ya sa na zaunar da kai. A gasar Argungu ta 2008, wani ya fito da ƙatuwar giwan ruwa, aka auna, aka yi masa kirari, aka ba shi na ɗaya. Masunta 'yan'uwansa ba su yarda ba, domin wanda ya tashi a ruwa ya san bambancin kifin da ya mutu yanzu da wanda ya riga ya mutu. Aka bincika, aka gano ba a cikin gasar ya kama ta da rai ba. Aka ƙwace kyautar, aka kama shi, labarin ya kai har gidajen rediyon ƙasashen waje. Kada ka ce halin talaka ne. A watan Satumba na 2022, a birnin Kilibland na Amurka, a wata gasa da ake yi a tafkin Iri, wasu mutum biyu suna dab da karɓar sama da dala 28,000, sai alƙalin gasar ya ga kifayensu sun fi girmansu nauyi. Ya sa wuƙa ya farke cikin ɗaya, sai ga dunƙulen dalma. Ya farke na gaba, haka. A gaban jama'a, wayoyi suna ɗauka. A 2023 kotu ta ɗaure su kwana 10, aka ƙwace jirginsu, aka dakatar da lasisinsu na su shekara 3. Kwana goma ba komai ba ne, ɗana. Amma duk kofin da suka taɓa ci a baya, har wanda wataƙila da guminsu suka ci, ya zama abin tuhuma. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, kuma ranar nan ɗaya takan cinye dubun.

Na ga irin wannan a kasuwa, ba a rediyo na ji ba. Bayan an gama madatsar Akosombo a 1965, tafkin Bolta ya cika, kifi ya yi albarka, sai Yeji ta zama uwar kasuwar banda. Da na dawo daga Kabi can na nufa, ina saro kwanduna ina kawowa Ankara. Matan da suke banda a Yeji ba su san takarda ba. Fuskarka suke dubawa su ba ka kaya, ka sayar ka kawo kuɗi. Akwai wani abokin tafiyarmu, mai kaifin kai, ya fi mu duka iya magana. Shi ya ƙirƙiro dabarar jera manya a saman kwando, ya cika ƙasa da gutsattsari da wanda bai gama bushewa ba, don ya yi nauyi. Ya riga mu sayen rediyo, ya riga mu sayen babur, har iyayenmu mata suna yi mana gori da shi. Amma kifin da bai bushe ba ba ya rufa wa kowa asiri. Ya yi tsutsa a hannun masu sari, magana ta bi motocin kifi ta koma Yeji, aka daina ba shi kaya a can, aka daina karɓar nasa a nan. Ƙarshensa a tashar Tudu na gan shi yana loda wa wasu kaya. Ni kuwa akwai shekarar da motarmu ta faɗi a hanyar Kumashi, jarina ya ƙare ƙurmus. Na koma Yeji da kunya, wata tsohuwa ta sa aka ɗaure mini kwanduna, ta ce in biya idan Allah ya hore. Ba ta san gidana ba. Abin da ta sani kawai shi ne ƙasan kwandona da samansa ɗaya ne.

Don haka nake jin tsoro idan na ga yaro bai da shago, bai da ofis, amma ya shigo lungu da motar da ko likita ba ya hawa, kowa ya san sakawa ce, ya yaudari wata tsohuwar Baturiya ta intanet ya kwashe kuɗin fanshonta. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne iyayen da suke karɓa ba su tambaya, har su sa albarka. Kifi ne cike da dalma, kuma za a farke shi, ko a hannun 'yan sanda, ko a jikin 'ya'yansa, ko ranar da za a kafa sikelin da ba ya karɓar cin hanci. Kafin nan ma ya riga ya cuce ka kai da ba ka ci ba, domin idan ka je neman aiki ka ce daga Nima kake, sai a sake dubanka. Dattawa irin su Shehu Usman Nuhu Sharubutu sun yi shekaru suna wanke sunan zango a idon mutanen Gana, yara kaɗan suna shafa masa baƙi da yatsa a kan waya. Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma wahalar ba ta tsayawa a kan mai kwaɗayin shi kaɗai.

Ban hana ka son nasara ba. Namiji da ba ya son ya fi sa'o'insa, ai sai a duba lafiyarsa. Ka shiga kowace gasa da rayuwa ta kawo maka, ka yi gudu idan an harba bindiga, ka nutse iya numfashinka. Abin da nake roƙonka shi ne duk abin da za ka ɗora a sikeli, ya zama hannunka ne ya kama shi, ko da ɗan kurungu ne. In ka kawo wa mahaifiyarka sidi 20, ka iya faɗa mata inda ka samo su ba tare da ka sunkuyar da kai ba.

Ranar Laraba ka tashi da wuri ka raka ni kasuwar Nima. Akwai wani mai gyaran injuna da na yi wa maganarka, ya ce yana neman yaro mai riƙon amana, ni kuma na ba shi sunanka. Ka sa tufafin da ba ka jin tsoron ya yi baƙi, ka bar wayar a gida.