Kiɗan JAMB Ya Canza, Mu Ba Mu Canza Rawa Ba

Kun saba ganin rubutuna a kan sanarwar taro, ko ta rasuwa, ko tunin kuɗin wata. Yau ku yi mini haƙuri, maganar gidanmu zan kawo, don na san ba gidanmu kaɗai ta shafa ba.

Yayana ya rasu ya bar mini ɗansa yana aji uku na ƙaramar sakandare. Tun yana ƙarami mahaifinsa ke kiransa Likita, sunan ya bi shi har unguwa. Yaron kuwa yana da ƙoƙari, ba don nawa ba ne. A Bayoloji babu mai ja da shi a ajinsu. Ranar da muka dawo daga maƙabarta na ɗauki alkawari a raina, in dai kuɗin makaranta ne ba zai hana shi karatun likita ba. Abin da ya tare shi daga baya ba kuɗi ba ne.

A watan Maris na 2015 ya zauna jarrabawar JAMB. A shekarar ne hukumar ta daina amfani da takarda da fensir gaba ɗaya, ta koma kwamfuta zalla. Ba kwatsam aka yi ba. Tun 2013, zamanin Farfesa Dibu Ojerinde, aka shigo da kwamfutar, aka bar wa ɗalibi zaɓi. Wato shekara biyu aka ba mu mu shirya. Ni da nake da difloma, nake buga takardun ƙungiya da kwamfuta, ban taɓa zaunar da yaron nan a gabanta ba ko sau ɗaya. Littafin tsofaffin tambayoyi na saya masa, na biya kuɗin lesin, na ɗauka na gama nawa.

Da ya fito daga ɗakin jarrabawa na ga idonsa ya yi ja. Ya ce, "Baba, na san amsoshin, hannuna ne ya ƙi." Maus ɗin yana ta zille masa, ya nufi B ya taɓa C. Agogo yana gudu a saman allo, shi kuma yana tsoron ya danna abin da zai rufe komai. Lokaci ya ƙare bai kai rabin Fiziks ba. Ya samu 198 cikin 400. Da wannan maki ko ƙofar sashen likitanci ba a leƙawa.

A 2016 muka gyara. Wata uku yana zuwa shagon kwamfuta a Bukan Sidi kowace yamma. Ya samu 247. Muka ce Alhamdulillahi, saura jarrabawar tantancewa ta jami'a, wadda ake kira Post-UTME, a nan zai ƙaro maki. Yana cikin karatunta, a watan Yuni, Ministan Ilimi Malam Adamu Adamu ya sanar an soke ta. Jami'o'i suka koma tantance ɗalibai da takardu. Jami'ar da ya nema ta ba kowane sakamako na WAEC ko NECO maki nasa: A1 ya fi B3, B3 ya fi C6. Kuma a sashen likitanci ana so a ci darussan biyar, Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fiziks, a zama ɗaya. Yarona C yake da su a uku, Lissafinsa kuma na zama na biyu ne. Mu duk a saninmu kiredit kiredit ne. Ashe sakamakon da muka ajiye a jaka tun bara shi zai yanke hukunci. Aka ba shi gurbin karatun Bayoloji. Ya dube ni, na dube shi, ya karɓa. A watan Agustan 2017 aka dawo da Post-UTME, amma a lokacin shi ya yi nisa.

Na daɗe ina jin haushin gwamnati. Da na natsu sai na ga kowane canji yana da dalilinsa: kwamfuta ta zo ne don rage satar amsa da jinkirin sakamako, soke Post-UTME kuma saboda koke-koken tatsar kuɗi, shi ya sa da aka dawo da ita aka ƙayyade kada kuɗinta ya wuce naira 2,000. Amma duk ranar da aka canza tsari, wanda ya fara jin labari shi ke gaba. Yaron da ke makarantar kuɗi a Abuja malamansa sun gaya masa tun kafin a sayar da fom. Namu sai a bakin ƙofa yake ji. Laifina shi ne ban nemi labari ba.

Yanzu 'yata tana aji shida, ita ma likita take so. Wannan karon na zauna na bi abin daki-daki, ga abin da na fahimta.

Mafi ƙarancin makin da JAMB ke sanarwa duk shekara, kamar 150 na jami'o'i a 2025, ba na likitanci ba ne. Majalisar Likitoci ta Najeriya, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban likitanci da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da asibitinta. Guraben kaɗan ne, masu nema dubbai, daga sama ake tsinkowa. Kowace jami'a kuma da yadda take haɗa makin JAMB da na tantancewarta da na WAEC. A nemi tsarin na bana, kada a dogara da na ɗan maƙwabci da ya shiga shekara uku da suka wuce.

A jami'o'in tarayya ana raba guraben gida uku: kashi 45 cikin ɗari na cancanta, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka bari baya a ilimi, Nasarawa tana cikinsu. Nan ne abin ya taɓa mu Hausawan Lafiya. Yaro an haife shi a Sabon Pegi, kakansa daga Katsina ko Kano ya zo, wace jiha zai cika a fom? Kada a bar wa mai shagon intanet ya zaɓa masa. Jihar da aka rubuta ta zama wadda yaron ke da takardar shaidarta, sunansa da ranar haihuwarsa kuma su zo ɗaya a NIN, da WAEC, da JAMB. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN.

Jarrabawar kanta tambaya 180 ce cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane darasi. Ku yi lissafi, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Tun 2017, zamanin Farfesa Is-haq Oloyede, an kawo amsawa da madannai takwas ba sai da maus ba, an kuma kawo jarrabawar gwaji. Da yarona ya tarar da waɗannan, wataƙila da labarin ya bambanta. A shekarar ce kuma aka kawo CAPS: in an ba ɗalibi gurbi, sai ya shiga shafinsa na JAMB ya karɓa da kansa, in ya yi sakaci ya wuce shi.

Na'ura ma tana kuskure. A watan Mayun 2025 JAMB ta amsa cewa matsala ta shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da jihohi biyar na Kudu maso Gabas, shugabanta ya nemi afuwa har da hawaye, aka sake musu jarrabawa. Iyayen can ba su yi shiru ba, sun haɗa kai sun yi magana da hujja. Mu da mun ga maki ya faɗi sai mu ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma bincike ba saɓo ba ne.

Kuma kiɗan bai gama canzawa ba. WAEC ta fara jarrabawa da kwamfuta ga masu zaman kansu tun 2024. Ga Jami'ar Tarayya a garinmu tun 2011, ga Asibitin Dalhatu Araf ya zama na koyarwa. Abin kunya ne a yaye likitoci a ƙofar gidanmu babu 'ya'yanmu, matanmu kuma suna neman likita mace da za su yi wa bayani da Hausa.

Yaron nan nawa yanzu malamin Bayoloji ne a wata sakandare. Har yau Likita ake kiransa, yana amsawa yana murmushi, ni ne dai nake sunkuyar da kai. Shi ya zo mini da shawara: in ƙungiya za ta ba shi ɗaki da kwamfuta, zai riƙa koya wa yaranmu duk Asabar, kyauta. Na kai wa shugaba maganar, ya ce a saka ta a taron wata mai zuwa. Kwamfutar ofis ɗaya ce. Duk mai tsohuwar laftof da ke kwance a gida ya aro mana. Masu yara a aji biyar da shida, maza da mata, su kawo mini sunayensu bayan sallar Juma'a, tare da takardar NIN ɗin yaron mu duba tun yanzu.

Allah Ya jiƙan yayana, Ya yafe mini sakacina, Ya ba yaranmu ilimi mai amfani. Amin.

Naku,
Sakataren Ƙungiya, Lafiya