Ajiyar Mota A Hunturu: Dabarar Wani Dattijo A Maisandari

A ƙasashen Turai da arewacin Amurka, da zarar sanyi ya kama, masu motocin ƙawa sukan kulle su a gareji, ba su sake fito da su sai dusar ƙanƙara ta narke. Dalilansu biyu ne. Na farko, hukuma takan barbaɗa gishiri a kan tituna domin narkar da ƙanƙara, gishiri kuwa shi ke jawo tsatsar da ke cinye ƙarfen ƙarƙashin mota. Na biyu, ruwa idan ya daskare yakan kumbura, har ya tsaga lagireto ko jikin injin kansa. A Maiduguri babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ko a tsakiyar Janairu, sa'ad da mutane ke kewaye wuta da asuba, ruwan randa ba ya daskarewa. Amma fa hunturun Borno yana da tasa ɓarnar, kuma wanda ya kwaikwayi ajiyar Turawa ido rufe zai yi da na sani.

Abokin gabar mota a nan shi ne ƙura. Daga watan Nuwamba zuwa wajen Maris iska takan taso daga arewa maso gabas, ta kurɗa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi a ƙasar Chadi, ta share kwarin Bodele, watau busasshen gindin tsohon Tafkin Chadi na zamanin da. Ƙasar wurin fara ce mai laushi kamar garin alli, ba ta da nauyi, har masana sun tabbatar cewa takan ƙetare teku ta sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka. To, ƙurar da ta iya wannan tafiya, ina ƙofar gareji za ta tare ta?

A unguwar Maisandari akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda ya fara aiki tun Maiduguri tana hedkwatar Jihar Arewa Maso Gabas, kafin a ƙirƙiro Jihar Borno a 1976. Yana da Peugeot 504 mai ƙofa biyu, wadda ya mallaka tun zamanin kuɗin Udoji. Mai karatu kada ya ɗauka irin Fijon da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna ce tun daga 1975. Wannan gajera ce, mai kwantaccen rufi, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya ƙera jikinta, kuma irinta ce ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya a 1978. An daina yin ta a 1983. Saboda haka idan fitilarta ta fashe, ko gilashinta ya tsage, ba a shiga kasuwar 'yan kayan gyara a ɗauko wani. Abin da ya lalace a jikinta ya tafi ke nan.

Da hazo ya sauka, dattijon yakan daina tuƙi, domin ƙirjinsa ba ya jure ƙura, idonsa kuma ba ya yanka hazo kamar da. Amma ba ya juya wa motar baya. Kafin ya kafe ta sai ya kira bakanike ya juye baƙin mai ya zuba sabo, domin tsohon mai yana ɗauke da dauɗar da ke cin ƙarfen injin idan ya daɗe a kwance. Sa'an nan a wanke ta da ruwa mai yawa, a bar ta ta bushe sarai, a goge ta da man fenti. Doka ce a gidan, babu yaron da zai sa tsumma busasshe a jikinta, domin ƙurar hunturu idan aka murza ta a kan fenti, kankare shi take yi. Haka kuma ba ya lulluɓe ta da tamfol na roba. Iska na kaɗa tamfol, ƙurar da ta shiga ƙarƙashinsa na gugar fenti dare da rana. Tsohon yadin auduga mai laushi yake shimfiɗa mata.

Bayan haka sai ya cire wayar batir, ya ajiye shi a inuwa, a riƙa yi masa caji wata-wata, domin batirin da aka bari ya mutu murus ba safai yake komawa daidai ba. Yakan ɗaga motar ya ɗora ta a kan katako, don kada tayu su kwanta ta gefe guda. Ba ya jan birkin hannu, gudun kada ya maƙale. Bakin salansa da mashigar iska kuwa yakan toshe su da tsumma, saboda ƙura da kuma ɓeraye, waɗanda ba abin da suke so a lokacin sanyi kamar su yi sheƙa a cikin injin su gwagwiye wayoyi. Robobin ƙofa da fatar kujeru ana shafa musu mai, domin busasshiyar iskar da ke tsattsaga leɓe da dunduniyar mutum, ita ce dai ke tsattsaga su.

Akwai abu ɗaya da ya saɓa wa maƙwabtansa a kai. Da yawa suna ganin alheri ne a tayar da ajiyayyar mota kowace safiya na minti biyar. Shi ya ce cuta ce, domin injin bai yi zafin da zai ƙone raɓar da ke cikinsa ba, batir kuma bai mayar da abin da ya kashe ba. Ko dai a fita da ita ta yi tafiya sosai, ko a ƙyale ta ta huta.

Babban ɗansa ya sha ce masa, "Baba, da ka sayar da ita ka huta da wannan wahala." Shi kuwa amsarsa ɗaya ce: "Kai yaro, ka taɓa ganin an sayar da doki don gudun sayen dusa?" Wannan magana ta mutumin Borno ce sosai. Dokin hawan salla kwana nawa yake fita a shekara? Amma kullum ana ba shi harawa da kanwa, ana share masa turke, ana duba kofatonsa. Ɗan ba shi da laifi, domin yana lissafin kuɗin mai da na bakanike a wannan zamani na tsada. Uban kuma yana lissafin cewa wadda za ta saye ta hannu ce da ba ta san darajarta ba, hunturu biyu sun isa su mai da ita ɗakin kaji.

Duk wanda ya zaga harabar ma'aikatu da ƙofar gidajen manya a biranen Arewa zai ga gaskiyar tsoron dattijon. Ga motoci nan jere, tayu sun sace, fenti ya ƙoƙe, an kafe su ne da niyyar wata biyu, suka shekara goma. Ba haɗari ya kashe su ba, rashin kula ne. Ajiya aiki ce mai zaman kanta, kuma kowace ƙasa da irin tata: Bature yana gudun gishiri da ƙanƙara, mutumin Maiduguri yana gudun ƙura da bushewa. Wanda ba zai iya wannan hidima ba, gara ya sallamar da motar tun tana da rai ga wanda zai iya. Allah ya sa a gane, amin.