Warin danshi a mota da tarin 'yar autarmu

Duk wanda ya yi damina a Legas ya san watan Yuni. Ruwa kan kwana yana zuba, hanya ta cushe, gilasan mota a rufe, esi a kunne. Iyali kan shafe awa biyu ko uku kullum a cikin mota tsakanin gida, makaranta da wurin aiki. Motar ta zama ɗaki ke nan, sai dai ɗaki ne da ba kasafai ake ɗaga shimfiɗarsa a ga abin da ke ƙasa ba.

'Yar autarmu tana da asma, shekararta 6. Mahaifiyarta ce ta fara lura cewa tarin yarinyar yakan tashi bayan mun bar Agege da safe, kuma ya lafa idan ta wuni a gida. Da muka je asibiti, likita ya tambaye mu ko akwai danshi a ɗakin da take kwana. Babu. A hanyar dawowa uwargida ta ce, "Abban yara, motar nan fa? Ba ka jin wari kamar na tsumman da aka manta a bokiti?" Na danna kafet ɗin gefen mai zaman banza da tafin hannu. Samansa a bushe yake, amma ruwa ya taso tsakanin yatsuna. Ƙarƙashin kafet akwai soso mai kauri, shi ke riƙe ruwan.

Fumfuna ba ta buƙatar lokaci mai tsawo. Kwana ɗaya zuwa biyu na danshi ya ishe ta fara tsirowa, kuma ƙurar da take saki tana tayar da atishawa, ƙaiƙayin ido da tari, musamman ga masu asma. Turaren da ake ratayawa a madubi warin kawai yake rufewa, wani ma ƙara shaƙe yaro yake yi.

Makanikin da na kai wa motar dattijo ne, kuma bai taɓa sifana ba sai da ya gama tambayoyi. "Alhaji, ruwan wane iri ne?" Ya ce idan yana da launi, kore ko ja-ja, yana da santsi da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, gilas na yin hazo daga ciki, kuma ruwan lagireto na raguwa, to na'urar ɗumama mota da ke bayan dashbod ce ta fashe. Wannan ruwan guba ne, kada yaro ya kai shi baki. Namu fari ne tas, ba ƙamshi. Sai tambaya ta biyu: bayan ruwan sama yake fitowa ko bayan doguwar tafiya da esi? Esi mai lafiya yakan ɗigar da ruwa a ƙarƙashin mota ta wani ɗan tiyo. Idan tiyon ya toshe, ruwan ya koma ciki, daidai ƙafar mai zaman banza. Muka kunna, muka duƙa, yana ɗiga yadda ya kamata. Saura ruwan sama.

Daga nan aikin ya koma na haƙuri. Aka ɗaga kafet, aka goge ƙarfen ƙasa, aka shimfiɗa tsofaffin jaridu. Na zauna ciki da tocila, yaronsa yana zuba ruwa da tiyo daga waje. Daga ƙasa aka fara: gindin ƙofa, sannan robar ƙofa, sannan gilasan gefe, kowane wuri mintuna biyar ko fiye. Dattijon ya ce in ka fara daga rufi, ruwa zai jiƙa ko'ina lokaci guda, ba za ka san ta inda ya shiga ba. Kuma inda ruwa ya taru ba lallai nan ya shigo ba, yakan bi waya ko ƙarfe ya yi tafiya kafin ya sauka.

Ƙofofi lafiya. Da tiyon ya kai gindin gilashin gaba, ƙarƙashin waifa, sai na ga wani siririn ruwa yana gangarowa daga bayan akwatin dashbod, jaridar ta fara baƙi. Aka cire waifa da baƙar robar da ke wurin. Kwarin da ke ƙarƙashinta cike yake da ruɓaɓɓen ganye da laka. Kwarin yana da ramuka ta gefe da ruwa ke fita, duk sun toshe, ruwa ya taru har ya tsallaka ta ƙofar da esi ke jan iska daga waje. Matatar iskar da aka zaro ta jiƙe, ta yi baƙi ƙirin. Ta cikinta iskar da yarinyar ke shaƙa take bi.

Buɗe ramukan bai kai rabin awa ba. Busarwar ce wahala, don rana tsada take a daminar Legas. Aka kwance kujeru, aka fitar da kafet, ya yi kwana uku a gaban fanka. Soson da ya yi fumfuna aka zubar, aka sa sabuwar matata, mai wayarin ya duba wayoyin da ke bi ta ƙasa ko sun fara tsatsa. Masu motar da rufinta ke buɗewa su sani akwai ƙananan tiyo a kusurwoyinsa, su ma suna toshewa. Ramin safaya a but ma wurin dubawa ne. Kuma ni ban yarda da wankin mota da ake kwarara wa kafet ruwa a ba ka makulli nan take ba.

Tarin safiya ya ragu cikin mako biyu. Likita bai ce a daina maganin shaƙa ba, har yanzu yana cikin jakar makarantarta. Ranar Asabar nakan ɗaga bonet in kwashe ganyen da ya taru a gindin gilas, in danna kafet na gaba da na baya da busasshen tsumma.